Na yi mastas kan noman inabi da teruwa a Turai, ga abin da na gani

Tun ranar da na sa hoton nan nawa a gonar inabi da almakashi a hannu mutane ba su bar ni na huta ba, wai wane irin karatu ne wannan, nawa ake biya, kuma wai da gaske ne giya ake koya mana haɗawa. Wani abokina da muka yi sakandare tare har cewa ya yi an tura ni neman ilimi na dawo da takardar shaidar burkutu. To bari in zauna in amsa gaba ɗaya sau ɗaya, duk wanda ya ƙara tambaya in turo masa wannan, don gaskiya na gaji da maimaita magana ɗaya.

Ni ta wajen Hunkuyi nake, ƙaramar hukumar Kudan, kuma duk wanda ya san yankin ya san inabi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, akwai mutane da yawa da rumfunansu. Kawuna yana da garka ɗaya, a can na fara ganin abin da ya ɗaure min kai tun ina karatun noma a Samaru: bana inabi ya yi 'ya'ya kaman hauka, baɗi kuma sai ganye kawai ya cika rumfa ba komai, ko kuma ya yi 'ya'yan sai ruwa ɗaya ya sauka duk su fashe su ruɓe. Ka tambayi Kawu ya ce ikon Allah, gaskiya ne ikon Allah ne amma ai akwai sababi. Neman sababin nan ne ya kai ni cike fom.

Kwas ɗin, na noman inabi da ilimin haɗa giya da teruwa (wato yadda ƙasa da yanayin wuri suke shafar amfanin gona), na shekara biyu ne, semista huɗu, kiredit 120 irin na lissafin Turai, da Turanci ake koyarwa. Shekarar farko na yi ta a kudancin Faransa, ta biyu a Fotugal, don irin waɗannan kwasa-kwasan yawanci haɗin gwiwa ne tsakanin jami'o'i, ka fara nan ka ƙarasa can. Wanda yake son ya bincika da kansa, wuraren da suka yi suna a wannan fanni su ne Montpellier da Bordeaux da Dijon da Angers a Faransa, Geisenheim a Jamus, Udine da Turin a Italiya, Lisbon a Fotugal, sai Davis a Kalifoniya, Adelaide a Ostareliya da Stellenbosch a Afirka ta Kudu. Ajinmu ba mu kai talatin ba, kuma kusan rabi 'ya'yan masu gonakin inabi ne tun kaka da kakanni, irin yaran da tun suna shekara goma suke tuƙa tarakta tsakanin layuka. Ni kaɗai ne baƙar fata, ni kaɗai ne kuma ban taɓa sa giya a baki ba.

Kafin in tafi sai da aka yi zama a gida. Baba ya kalli takardar ya ce in karanta masa sunan kwas ɗin da Hausa, na ce noman inabi da sanin ƙasa, ya ce "ɗayar kalmar fa, ta tsakiyar?" Na yi shiru, don ita ce ta haɗa giya. Ya ce "ka je wurin Malam ka faɗa masa duka, kar ka rage komai." Na je, Malam ya saurare ni har na gama, ya ce inabi ɗan itace ne mai albarka Alƙur'ani ma ya ambace shi a wurare da dama, nomansa ba laifi, amma ya tuna min hadisin nan da aka la'anci mutum goma a kan giya har da mai matsa ta da mai ɗaukarta, ya ce in san iyakata. Da wannan na hau jirgi, kuma ban ɓoye muku ba maganar ba ta bar zuciyata ba har na gama.

Bari in fara da abin da ya burge ni, don ya burge ni sosai. Ɓangaren noman kansa, wallahi ban taɓa ganin an ɗauki shuka ɗaya an bi ta filla-filla haka ba. Mu a gida a semista ɗaya za a yi maka mangwaro da lemo da gwaiba da ayaba a haɗe a wuce, nan kuwa sati uku muka yi a kan ido ɗaya na jikin reshe, yadda nonon inabin da za ka tsinka baɗi tun bana yake ƙulluwa a cikin idon nan, kuma in reshen bai samu rana da kyau ba a lokacin, to baɗi ganye za ka gani. Ina zaune a aji na ji kaman an haska min tocila, ashe rumfar Kawu da yake bari ta yi duhu ganye kan ganye yana murna ta yi kyau ita ce take cinye masa amfanin shekara mai zuwa. A daren na kira shi, ya ce to malamin Turawa mun ji.

Sai tarihin ƙwaron nan filoksera, wanda duk malamin da ya shigo sai ya taɓo shi kaman labarin yaƙi. Ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ya shigo daga Amurka wajen 1863, yana cin saiwa, ya kusa ƙarar da gonakin inabin Faransa gaba ɗaya, sai a 1868 wani masanin tsirrai na Montpellier mai suna Planchon ya gano shi, har yau mutum-mutuminsa yana nan a wani ɗan lambu kusa da tashar jirgin ƙasa ta garin. Maganin da aka samu kuwa aure ne, irin dai yadda muke yi wa mangwaro aure, gindi na inabin Amurka wanda ƙwaron ba ya iya kashewa, sama kuma na Turai mai daɗin 'ya'ya. Har yau kusan duk inabin da ka gani a Turai ɗan aure ne. Gindin ma iri-iri ne, akwai 110 Richter da 140 Ruggeri da 1103 Paulsen masu jure fari, akwai SO4, kowanne da ƙasar da yake so. An kai mu Vassal a bakin teku kusa da Marseillan inda hukumar binciken noma ta Faransa ta tara dubban irin inabi daga ko'ina a duniya, kuma a cikin rairayi aka shuka su da gangan don ƙwaron ba ya iya rayuwa a yashi. Na tsaya ina kallo ina tuna jigawar garinmu.

Askin inabi kuma a watan Janairu muka koye shi, a fili, iska tana busowa daga arewa kaman hunturun Jos an ninka shi sau biyar, yatsuna sun ƙage na kasa riƙe almakashi. Amma na koya. Salon askin akwai Guyot, kodon, da wanda suke ce wa gobele da ake barin itacen a tsaye kaman ƙaramin kwando ba waya ba turke. Malamar da ta koya mana ba ta da wasa, in ka yanke inda bai dace ba sai ta sa ka tsaya ka yi wa itacen bayanin dalilinka, da farko abin dariya yake ba ni daga baya na gane so take ka yi tunanin shekara uku gaba kafin ka datse reshe ɗaya.

To yanzu teruwa, wanda shi ne mutane suka fi tambaya. Kalmar Faransanci ce, terroir suke rubutawa, kuma sun ce wai ba ta fassaruwa. Ni dai da na zauna na saurara sai na ga ai mun daɗe da saninta, suna ne kawai ba mu sa mata ba. Wace uwargida ce ba ta san albasar Galmi daban take da sauran albasa ba? Wa zai haɗa tattasan Diffa da na wani wuri, ko raken Maƙarfi, ko dankalin Jos? Ka ɗauki irin nan ka kai wani gari ka shuka, zai fito, amma ba zai zama shi ba. Ƙasar wurin, ruwan wurin, sanyin dare da zafin rana, gangaren fili, da hannun mutanen da suka gaji aikin, duka a haɗe, shi ne teruwa. Ƙungiyar inabi ta duniya OIV, wadda aka kafa tun 1924, ta ba kalmar ma'ana a hukumance a 2010 kuma har da ilimin mutanen wurin ta sa a ciki, ba ƙasa kaɗai ba.

Bambancinmu da su, su sun auna sun rubuta sun kuma mayar da shi kuɗi. Kwana muka yi ta shiga rami, ramin da aka haƙa da katafila zurfin ya fi tsayina, kana ciki da wuƙa da 'yar kwalbar asid kana ɗiga wa bango ka ga ko zai yi kumfa don ka san akwai farar ƙasa, kana bin saiwa ka ga inda ta tsaya da dalilin tsayawarta, ka murza ƙasa a yatsa ka ce laka kashi nawa yashi kashi nawa. Rami biyu tsakaninsu bai fi taku hamsin ba amma ka ga ɗaya tsakuwa ce zalla ɗaya jan gargari. A Châteauneuf-du-Pape mun ga gonar da ba ka ganin ƙasa kwata-kwata sai duwatsu mulmulallu kaman an zube dankali, kuma wannan garin yana cikin na farko da suka samu rajistar suna a 1936 bayan dokar 1935, wato ba wanda ya isa ya sa sunan garin a kwalbarsa sai in a can ya noma kuma ya bi ƙa'idar da aka gindaya, har yawan abin da za ka girba a hekta an ƙayyade maka. A yankin Burgundi na Faransa abin ya wuce hankali, sun yanka gangare ɗaya gida-gida har 1,247 kowanne da sunansa, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015, gona biyu hanyar amalanke ce ta raba su amma kuɗin amfaninsu ya ninka na juna sau da yawa.

Amma fa kar a ruɗe ku, akwai talla a ciki, kuma na ji daɗi da malaman ba su ɓoye ba. Wani farfesan ƙasa ya ce mana duk wanda ya rubuta masa a jarrabawa cewa saiwa tana tsotso ɗanɗanon dutse ta kai cikin 'ya'ya zai ba shi sifili, abin da ƙasa take yi shi ne ta iyakance ruwa da sinadarin naitirojin da itace yake samu, da kuma zafin da saiwa take ji, sauran duk waƙa ce ta 'yan kasuwa. Inabi in ya ƙoshi da ruwa ganye yake yi, in ya ɗan ji ƙishi a lokacin da ya dace sai ya mayar da hankali kan 'ya'ya, su yi ƙanana su yi zaƙi su yi launi. Sun kuma ba mu labarin 1976 a Paris da aka rufe sunayen kwalaben giya aka ba manyan masanan Faransa, suka zaɓi na Kalifoniya a kan nasu ba su sani ba. Yaran Faransa na ajinmu ba sa son a tada wannan zancen, ni kuwa ina jin daɗinsa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar rajistar suna. Kamaru ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku irin wannan rajista tun 2013. Mu kuwa a kasuwa kowa ya ga dama sai ya ce kayansa na gari kaza ne, mai saye ba shi da hanyar ganewa, manomin asali kuma ba ya samun ko sisi a kan sunan da kakanninsa suka gina. Wannan darasin kaɗai a wurina ya kai kuɗin jirgi.

Sai ɓangaren da ya fi min wuya. Ɗan uwa in za ka shiga irin wannan kwas ka sani tun daga gida, kusan rabinsa giya ce, ba a ɓoye ba, sunan kwas ɗin ma ya faɗa, ni ne dai na ɗauka zan iya lallaɓawa in wuce ta gefe. Ilimin kimiyyar dai ilimi ne, yis yana cin sukari ya fitar da barasa da iska, wajen giram 17 na sukari a lita shi ke ba da kashi ɗaya cikin ɗari na barasa, akwai ƙwayoyin da ke juya tsami mai kaifi ya koma mai laushi, akwai sinadarin salfa da ake sawa kar abu ya lalace, kuma duk wannan na ga amfaninsa ta baya, don wanda ya san yadda ruwan inabi yake juyewa shi ya fi kowa sanin yadda zai hana shi juyewa in jus yake son yi, ko yadda zai wuce da shi ya zama binega. Amma akwai darasin ɗanɗano, sati-sati, kofuna a jere a gabanka da wurin tofarwa. Su kurɓa suke su wuya da shi a baki su tofar. Ni tun kafin in karɓi gurbin na rubuta musu cewa ba zan sa a baki ba, kuma don Allah sun mutunta, ba wanda ya taɓa matsa min, aka ce in yi da hanci da ido da awon ɗakin gwaji. Makin da na samu a wannan darasin shi ne mafi ƙanƙanta a takardata kuma ban yi jayayya ba, abin da ban yi ba ba za a ba ni ba.

Hancin ma da rigimarsa. Akwai wani akwati mai ƙananan kwalabe 54 kowacce da ƙamshinta, a ce ka shinshina ka faɗi suna, to yawancin 'ya'yan itatuwan da ake nufi ban taɓa ganinsu ba balle in san ƙamshinsu. Ni abin da nake ji shi ne tsamiya, goruba, ɗinya, wani ma daddawa sak. Na faɗa a aji aka yi ta dariya, amma malamin ya ce in ci gaba da rubuta nawa sunayen a gefe, hanci da abin da ya saba yake aiki. Inda na fi su kuwa wajen gane wanda ya lalace, akwai wani wari da suke cewa na turken doki, yaran birni suna ta lalube ni shinshina ɗaya na ce wannan ai bargar Sarki ce da damina.

Aikin rukuni na haɗawa a ƙaramin tanki shi ne inda na fi jin nauyi. Na ce su bar min awon sukari da tsami da rubuta rahoto, ban taɓa injin matsa ba, amma ina tsaye a wurin, sunana yana kan takardar. Ko hakan ya fitar da ni ko bai fitar ba, ni ba malami ba ne ba zan ba kowa fatawa ba, na dai san daren nan ban yi barci da daɗi ba. Duk wanda zai ce maka ya yi irin kwas ɗin nan bai kusanci abin ba ko kaɗan, ka ƙara tambayarsa da kyau.

Wani abin da ya kamata ɗan ƙasarmu ya sani, an gina karatun ne a kan ƙasashe masu sanyi inda inabi yake barci da hunturu ya zubar da ganye ya farka da bazararsu, girbi sau ɗaya a shekara. Akwai wani ma'auni na Winkler da aka ƙirƙiro a Davis, ana tara zafin da ya haura digiri 10 daga Afrilu zuwa Oktoba, a raba yankuna rukuni-rukuni, rukunin ƙarshe mafi zafi yana farawa daga wajen 2,200. Na zauna na lissafa na yankinmu ya haura 3,000, wato a takarda mu ba ma cikin taswirar ma. Alhali ga inabi can a rumfar Kawu. Namu ba ya barci, sai dai ka tilasta masa da aski da hana ruwa, kuma duk wannan fannin na ƙasashe masu zafi 'yan lakcoci kaɗan aka yi mana a kai, inabin ci da na zabibi ma haka, a gurguje. Abin da na sani yanzu a kai rabinsa daga wani ɗan ajinmu ɗan Indiya na samo shi, a kicin muna dafa shinkafa. Shi ya zana min yadda suke yi a Nashik, aski biyu a shekara, ɗaya a Afrilu don itace ya yi sabbin rassa, ɗaya a Oktoba don ya yi 'ya'ya su nuna da rani ba ruwan sama, da gindin Dogridge da suke aurawa saboda fari da gishirin ƙasa, da maganin da suke shafa wa ido don ya farka wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a ƙasashenta, shi ya sa ma a aji ba a daɗe a kansa ba. A Brazil kuma a kwarin kogin São Francisco wajen Petrolina girbi biyu suke yi a shekara, haka Dodoma a Tanzaniya. Waɗannan su ne 'yan uwanmu a yanayi, ba Burgundi ba.

Su ma Turawan zafin ya fara isarsu fa. Ranar 28 ga Yuni 2019 an auna digiri 46 a wani ƙauye kusa da Montpellier, manoma suka ce ganye da 'ya'ya sun ƙone kaman an bi su da wuta, sai kuma a Afrilun 2021 sanyi ya daskarar da sabon toho a kusan duk ƙasar har suna kwana suna kunna kyandirori a gona. Sau da yawa in ana zancen zafi sai a juyo a kalle ni, wai ku yaya kuke yi.

Maganar kuɗi a taƙaice. Jami'o'in gwamnatin Faransa a 2019 suka sa wa 'yan wajen Turai Yuro 3,770 a shekara a matakin mastas kuma yana ɗan ƙaruwa, amma irin waɗannan kwasa-kwasan na haɗin gwiwa da Turanci suna da nasu farashin da ya fi haka, ka duba da kyau kafin ka sa rai. Waɗanda suke ƙarƙashin Erasmus Mundus, shirin tallafin karatu na Tarayyar Turai, in ka dace da sikolashif ɗinsu ana ba da Yuro 1,400 duk wata, gasar dai ba wasa ba ce. Ta Campus France, hukumar Faransa mai kula da ɗalibai 'yan waje, ake bi kafin biza. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki awa 964 a shekara amma kar ka dogara da shi, jadawalin ya cika, yau aji gobe gona jibi tafiya. Abincin kantin ɗalibai a lokacin Yuro 3.30 ne, ni dai kifi da ganye na yi ta ci, naman halal kuwa ba ya wuya a kudancin Faransa saboda 'yan Maroko da Aljeriya sun yi yawa, masallacin Juma'a ma haka. A Fotugal ne na ɗan sha wuya da wannan da na bar babban birni. Ɗaki shi ne bala'i. Wata mai gida ta karɓi kuɗin ajiyata na wata biyu, da zan tashi ta ce wai warin girkina ya kama labule, daddawa ce fa kawai da ɗan yaji, har yau ban ga kuɗin ba.

Aikin koyon sana'a na hutun shekarar farko a wata gona na yi shi, ba zan faɗi sunanta ba. Awa ɗaya Yuro 4.05 kaman yadda doka ta tsara a 2023, ba laifi, amma an ce za a koya min kula da ban ruwa sai na ƙare a ɗaukar akwatuna daga ƙarfe biyar na asuba, aka sa mu mu huɗu a wata tsohuwar motar kwana ba fanka cikin zafin Agusta, abincin rana kuma kullum da naman alade a ciki duk da na faɗa tun ranar farko, burodi da cuku da tumatir na rayu a kai. Mai gonar ba mugu ba ne, irin mutanen nan ne da in girbi ya zo ba sa ganin kowa. Na dai fito da abu ɗaya, yanzu in na tauna ɗan inabi na duba ƙwallonsa ya yi ruwan ƙasa ko da sauran kore zan faɗa maka saura kwana nawa, ba sai da na'ura ba.

Shekara ta biyu ce ta wanke min zuciya. An kai mu Douro, yankin inabi na arewacin Fotugal, wanda tun 1756 aka shata masa iyaka, duwatsu masu falle-falle an sassaƙa su hawa-hawa kaman matakala daga bakin kogi har sama, ka rasa yadda ɗan Adam ya yi wannan aiki da hannu. Amma firojek ɗina a Alentejo na yi shi, kudu, wuri mai zafi da fari da ake ban ruwa daga dam ɗin Alqueva, kuma na roƙa aka bar ni na yi a kan inabin ci marar ƙwallo, ba ruwana da tanki. Tambayar ita ce ruwa nawa za ka iya ragewa a ban ruwa na ɗiga-ɗiga ba tare da 'ya'yan sun ƙanƙance ba. Ana auna ƙishin itace ne kafin gari ya waye, ka tsinki ganye ka sa a wata tukunyar ƙarfe ka matsa iska har ruwa ya ɓullo a bakin tsinken, ka rubuta lamba. Ƙarfe huɗu na dare nake fita, in gama layukana in shimfiɗa darduma tsakanin itatuwa in yi asuba, ma'aikatan gonar har sun saba suna rage murya. Malamina na can dattijo ne mai haƙuri, shi ya ce min in daina kwafar kalandar Turai, in koma gida in haƙa rami in ajiye ma'aunin zafi da na ruwan sama in rubuta komai shekara biyar kafin in buɗe baki in ce na san wurin.

In aka ce in ba kwas ɗin maki, a matsayinsa na abin da aka gina shi don shi, tara cikin goma ne, malamai sun san aikinsu kuma rabin karatun a gona ake yi ba a allo ba. A matsayin abin da ɗan Kudan ko ɗan Maradi yake buƙata kuwa shida zan ba shi. Wanda addininsa bai hana shi ba kuma yana son ya yi aiki a wannan masana'antar a waje, ya tafi kai tsaye ba zai yi nadama ba. Wanda kuma inabin ci da zabibi da jus ne a ransa kamar ni, da zan sake zaɓe da mastas na noman lambu zan nema in yi firojek a kan inabi, in kuma nemi hanyar zuwa cibiyar binciken inabi ta Indiya da ke Pune ko ta Embrapa, hukumar binciken noma ta Brazil, da ke Petrolina inda suke da masu aiki a kan inabin ci, kuɗi kaɗan, yanayi irin namu, kuma ba kofi a gabanka kowane sati.

Yanzu dai Kawu ya ba ni layi huɗu a ƙarshen garkarsa, wai in yi haukata a can kar in taɓa masa sauran. Na haƙa rami biyu, na gabas na tarar da marmara tun ban kai gwiwa ba, na yamma kuwa jar ƙasa ce mai zurfi har ƙugu, kuma da na tambaye shi ya ce ai dama na yamman ne suke fin zaƙi kowace shekara, ya sani tuntuni, bai dai taɓa haƙawa ba. Na rage ganyen rumfar har rana tana ratsowa ƙasa, ya zo ya gani ya riƙe baki ya ce na yi wa inabi ƙwal-kwabo. Layi biyu zan yi musu aski farkon Oktoba, biyu kuma bayan sati uku, sai mu ga wanda zai riga nuna kafin zafin Maris.